Yashin da Ya Kwanta

Jigawa. Yau idan aka furta kalmar nan, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai jiha ce: Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, gwamna da majalisa da lambar mota. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanke ta daga tsohuwar Jihar Kano, sunan ya koma bakin 'yan jarida da ma'aikatan gwamnati, har yaron da aka haifa a birni yana iya girma bai taɓa jin an ce "gonar nan jigawa ce" ba. Alhali kalmar ta girmi jihar nesa ba kusa ba. Tana bakin manomin Gumel, tana bakin na Tasawa da Maraɗi da Damagaram, inda babu wata jiha mai wannan suna, kuma duk inda ka ji ta a can abu guda take nufi: ƙasa mai rairayi, mai ɗan tudu, wadda ruwa ba ya kwana a kanta.

Wanda ya taɓa noma a jigawa ya san ta da ƙafarsa. Za a kwana ana tafka ruwa, gari ya waye ka fita gona ba ka ga kududdufi ko ɗaya ba. Sai ka danna dunduniya ka ji ƙasa ta lotsa, ka tona da yatsa ka ga danshi ya bi ta ciki har kamu ɗaya ko fiye. Ranar nan ba mai zama a gida. Na gaba yana tafe da sungumi yana sara, na baya yana jefa irin gero yana rufewa da ƙafa, ba mai sunkuyawa, ba taɓon da ke kama sawu. Sauƙin ƙasar nan ne ya sa manoman Nijar ke iya nome ta a tsaye da doguwar hauyar nan da ake turawa gaba, abin da ba zai yiwu ba a ƙasa mai tauri. Jigawa ba ta wahalar da mai ita wajen aiki. Inda take wahalar da shi wajen taki ne, don ba ta riƙe abin da aka ba ta. In ka bar ta shekara biyu uku babu takin gida, babu makiyayin da ya kwana da shanunsa a kanta, sai geron ya fito sirara-sirara, wuta-wuta ta bi shi ta ƙarasa.

Bahaushe ba ya cewa "ƙasa" kawai ya yi shiru. Akwai dabaro, baƙar ƙasa mai nauyi da ke tsattsagewa da rani ta kuma kama ƙafa da damina. Akwai fako, inda ƙasa ta daskare ta yi sanƙo, ruwa ya zuba ya gangare bai shiga ba. Akwai geza a bakin mutanen Maraɗi, wadda ta fi jigawa tauri ba ta kai laka ba. Akwai marmara, jan dutse mai ramuka da ake sara a yi harsashin gini. Akwai yumɓun maginan tukwane. Kowane suna cikin waɗannan bayani ne a kan yadda wuri ke yi da ruwa: ko ya sha, ko ya riƙe, ko ya ƙi. Haka ma sunayen garuruwa da unguwanni. Tudun Wada, Rijiyar Lemo, Rijiyar Zaki, Ƙofar Ruwa, Goron Dutse, Jigawar Tsada da ke kusa da Dutse. Kakanninmu in za su raɗa wa wuri suna, ƙarƙashin ƙafarsu suke fara dubawa.

Makaɗan noma kuwa, in suna zuga gwarzon manomi, dammunan gero suke ƙirga masa. A ƙasar Maraɗi da Katsina an san bikin dubu, wanda sai manomin da ya tara dami dubu ke yin sa, daga nan ya cancanci a kira shi sarkin noma. Ba kasafai ake ambaton ƙasar da ta ba da dubun nan ba, amma mafi yawanta jigawa ce. Gero abokinta ne tun fil'azal. Yana da saiwa mai nitsewa, yana nuna da wuri, yana jure fashin ruwa na kwanaki. Fura da kunu da tuwon da suka raini yawancin arewacin ƙasar Hausa daga cikin rairayin nan suka fito, tare da gyaɗa da wake da riɗin da ake sayarwa buhu-buhu a kasuwar Maigatari.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne tambayar da ba mu cika yi ba: wa ya kawo yashin nan?

Amsar tana farawa ne daga dutse. Ka je gindin Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi, ko duwatsun da suka ba garin Dutse sunansa, ka ɗauki ɓallin da ya faɗo ka kusanto da shi ido. Za ka ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyi masu haske kamar na gilashi, akwai masu ja-ja ko fari-fari marasa sheƙi, akwai baƙaƙe ƙanana masu walƙiya. Rana ta gasa dutsen, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsagarsa, shekara bayan shekara har ba iyaka. Masu ja-jan nan da baƙaƙen ruwa yana ruɓar da su a hankali, su koma laka. Masu hasken su ne masu taurin kai. Ba sa ruɓewa, sai dai su warwatse, su gogi juna, su zama yashi. Ke nan laka da yashi uwarsu ɗaya, ruwa ne ya raba su: ya ɗauki laka mai sauƙi ya kai ta nesa inda yake kwanciya, ya bar yashi mai nauyi a cikin ƙorama da gaɓar kogi. Jan launin da muke gani a tsohuwar jigawa kuwa tsatsar ƙarfe ce da ta lulluɓe kowace ƙwaya, kuma sai yashi ya daɗe zaune wuri ɗaya yake yin ta.

Amma ruwa ba ya hawa tudu da kaya. In ka ga yashi ya taru ya yi tozo, mita goma ko fiye sama da kwari, to ba ruwa ne ya ɗora shi can ba. Iska ce.

Kimanin shekaru 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da arewacin Amurka, wannan yanki namu ya shiga wani fari da ba a taɓa ba da labarin irinsa ba, don ba wanda ya rubuta. Sahara ta gangaro kudu da kilomita ɗaruruwa. Tafkin Cadi ya ƙafe. Koguna suka tsaya, ciyayi suka mutu, yashin da ruwa ya tara shekaru aru-aru ya zauna a fili ba abin da ke riƙe shi. Iskar arewa maso gabas, wadda muke kira ta hunturu, ta same shi ta yi ta tura shi tana jerawa, dogayen tuddai masu bin hanya ɗaya, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wani ya yi tafiyar kilomita da yawa bai yanke ba. Wani masanin labarin ƙasa Baturen Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kan su a 1958, ya kira yankin tsohon tekun yashi na ƙasar Hausa. Mai tafiya a mota a gabashin Kano da Jigawa yana bin su bai sani ba. Hanya ta ɗan hau, ta ɗan gangara, ta sake hawa, a kan tudu gero da sabara, a kwari goruba da ƙasa mai duhu. In da za a ɗaga mutum sama ya leƙo, zai ga ƙasar a kwance kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, sai dai kowace kunya ta isa ta ɗauki ƙauyuka.

Daga baya zamani ya juya. Tsakanin shekaru kimanin 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina ta yi ƙarfi ta kutsa can cikin Sahara. A Dabous, arewa da Agadas, har yau akwai hoton raƙuman dawa da mutanen wancan lokaci suka sassaƙa a jikin dutse, a wurin da yanzu ko akuya sai ta yi da gaske take samun abin ci. Tafkin Cadi ya cika ya tumbatsa har ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko kusa da haka, wato fiye da sulusin girman Nijeriya. Gaɓarsa ta wancan zamani tana nan ba ta ɓace ba: dogon tudun yashi ne da ya ratsa Maiduguri da Bama ya shiga Kamaru, igiyar ruwa ce ta tara shi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da Dufuna, a Jihar Yobe ta yanzu, sai ya ci karo da katako a can ƙasa. Da masana suka tono shi, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya kai shekaru 8,000 a duniya. Mutum yana neman ruwan da zai ba shanunsa, ya tarar da jirgin waɗanda ruwa ya ishe su har suna yawo a kansa.

A cikin wannan zamani na ni'ima ne ciyawa da itatuwa suka hau tuddan yashin nan suka ɗaure su da saiwa. Yashin ya daina tafiya. Ganye ya ruɓe a kansa, gara da tsutsa suka yi aikinsu, ya zama ƙasar noma. Wannan ita ce jigawa.

Bari in ɗan ratse, don hazon da muke kuka da shi duk shekara yana da hannu a zancen nan. Wurin da tsohon tafkin ya fi zurfi shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda yanzu ya bushe ƙurmus. Ƙasan kwarin cike yake da farin gari, ragowar wasu mitsi-mitsin halittun ruwa da suka rayu suka mutu a cikin tafkin. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta faɗa kwarin da ƙarfi, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Wuraren da suka kai Bodele tayar da ƙura a duniya kaɗan ne. Ita ce ke rufe mana rana a watan Disamba da Janairu, ta hana jirage sauka a Kano, ta fasa leɓe da dunduniya. Wani sashe nata yana ƙetare tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Wani kuma yana sauka a kan gonakinmu, kuma yana ɗauke da abin da jigawa ke ƙishirwa, don ya fi yashi laushi da sinadarin da tsiro ke buƙata. Tafkin da ya mutu har yanzu yana aiko wa jigawa da taki ta sama, mu kuwa muna share shi daga kan tabarma.

Jigawa ba ta cika ma'ana sai an ambaci kishiyarta, ko in ce 'yar'uwarta. Manomi yakan haɗa su a numfashi ɗaya: "Ina da jigawa, ina da fadama." Wanda ya faɗi haka ya gaya maka cewa ya yi wa shekara shiri ta fuska biyu. In damina ta yi yawa fadama ta nutse, jigawa za ta ba da gero. In ta yi ƙaranci jigawa ta ƙone, fadama tana riƙe da danshi. Na taɓa tambayar wani dattijo a ƙasar Haɗeja, muna zaune gefen gonarsa yana gyaran ƙotar fartanya, na ce, "Baba, in aka ce ka zaɓi ɗaya fa?" Bai ɗago ba ya ce, "Ɗana, jigawa ita ke ciyar da gida, fadama ita ke yi wa yara aure." Ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa. Hatsin ci daga tudu, kuɗin albasa da tattasai da shinkafa daga kwari, lissafin gidansa ke nan gaba ɗaya.

Kuma babbar fadamar yankin nan tuddan yashin ne suka haife ta. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Har zuwa wajajen nan ƙarƙashin kogin tsohon dutse ne mai tauri, ƙasa tana da gangare, ruwa yana gudu a hanya ɗaya. Da ya ƙara gaba sai dutsen ya nitse can ƙasa, kogin ya hau kan yashi da lakar da suka cika kwarin Cadi. Gangare ya ragu ƙwarai. Ga kuma tsoffin tuddan nan a jere a gabansa. Ba shi da ƙarfin da zai fasa su, sai ya bi tsakaninsu, ya rarrabu: reshe ya yi Kafin Hausa, wani ya bi tsohuwar hanyar Haɗeja, wani Burum Gana, wani ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru. Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratso ƙasar Bauchi da Katagum, shi ma haka yake yi. Sai kusa da Gashuwa suke sake tattaruwa su zama Kogin Yobe, wanda ke bin iyakar Nijeriya da Nijar, ya shayar da gonakin tattasan Diffa, ya ƙarasa Tafkin Cadi in ƙarfinsa ya kai.

A watan Agusta da Satumba ruwa yana cika kwarurrukan nan ya malala. A shekarun 1950 da 1960, in damina ta yi kyau, yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. Tuddan jigawa sai su koma tsibirai, ƙauye a kan kowanne, sai da kwalekwale ake ziyara. Daga nan sai a shiga karɓa-karɓa, kuma ban san wani tsari na amfani da ƙasa da ya fi wannan ban sha'awa ba. Mai shinkafa ya shuka kafin ruwa ya iso, ta tashi tare da shi. Kifi ya bi ruwa ya shiga ciyawa ya hayayyafa, masunta su tare shi da mali da koma lokacin da yake komawa. Ruwa yana janyewa manomi yana bin sawunsa da wake da dawa da kabewa a kan danshin da ya bari, ba ban ruwa, ba taki, don lakar da ta kwanta ta isa. In an girbe, makiyayi ya gangaro da shanunsa su ci ciyawa su bar kashi. Tsuntsaye kuma su zo daga Turai su yi hunturu a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru, wanda aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekara ta 2000. Fili ɗaya, masu shi huɗu ko biyar, kowa da watansa.

Akwai kuma rabon da ido ba ya gani. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma ruwan ƙasan ma wani ne ya zuba shi. Tun daga inda kogin ya bar kan dutse ya hau yashi, yana tafiya yana tsiyaya. Ambaliyar da ke kwanciya wata biyu uku a fadama tana nitsewa a hankali ta cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, ta bazu ƙarƙashin jigawa har nesa da kogi. Shi ne ruwan da matar ƙauye ke ja da guga a watan Afrilu, a garin da bai taɓa ganin kogin da ido ba. Shi ne wanda masu lambu suke ɗebowa da jigo a da, yanzu kuma da ƙananan injunan ban ruwa da suka yawaita tun shirin Fadama na Bankin Duniya a shekarun 1990. Wanda ya tsaya a bakin ambaliya ya ce ruwa yana ɓaci a banza, bai bi shi ƙasa ya ga inda ya tafi ba.

Tudun ma yana da ranarsa. Da damina ta yi ɓarna a 2022, garuruwa da dama a Ringim da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja suka nutse, gidajen ƙasa suka narke, mutane suka kwashi yara da awaki suka nufi inda ya fi tsayi. "Tudun mun tsira" da muke faɗa a kan duk wata mafaka, a can ba salon magana ba ne. Tudu ne na gaske, na yashi, wanda iska ta tara tun kafin a san za a yi mutanen da za su fake a kansa. Tsofaffin garuruwan yankin kusan duk a kan jigawa aka kafa su. Yawan jama'a da ƙarancin fili ne suka sa ake gangarawa ana gini a inda kakanni suka bar wa ruwa.

Na ce saiwa ce ta ɗaure yashin nan, kuma abin da aka ɗaure yana iya kwancewa. Wanda ya je Yusufari da Tulo-Tulo a arewacin Yobe, ko Gudumariya da Maine-Sorowa a Nijar, ya ga yadda jigawa take in ta tashi: tudu fari fat ba ko tsinke, yana zubowa cikin kwarin dabino da kanwa, yana binne bishiya har wuya. Fari irin na 1973 da 1984, da saran itace, da kiwon da ya wuce kima, su ne ke tuɓe mata riga. Abin da ke faranta mini rai a nan shi ne maganin da ya fi aiki bai zo a jirgi ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka canja yadda suke sassabe. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a yi musu aski, a kare su. Da haka gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo cikin gonaki, har ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo da hekta miliyan 5. Gawo kuwa ba shi da na biyu a jigawa. Yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da gero ke son rana da taki, ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ke neman inuwa da abinci. Manomi ya san geron gindin gawo daban yake tun kafin wani ya auna.

Fadamar ce yanzu ta fi ba ni tsoro. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ba zan ce ba su yi amfani ba. Birnin Kano yana sha daga gare su, kuma duk wanda ya ga shinkafa da tumatirin Kura da Kadawa ya san dubban gidaje ne ke ci daga nan. Sai dai an yi lissafin abin da za a samu a sama, ba a yi na abin da za a rasa a ƙasa ba. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar Haɗeja da Nguru, in aka haɗa noma da su da itace, yana ba da amfani fiye da irinsa da aka tare don noman rani a sama. Wannan ma ba a sa rijiyoyin da yake cikawa a ciki ba.

Kuma ba yawan ruwan kaɗai aka taɓa ba, an taɓa lokacinsa. A da kogin yana cika da damina ya bushe da rani, har yara su yi wasa a cikin yashinsa. Yanzu ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai wata ciyawa, kachala, mai tsawon da ya fi mutum, wadda ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Rani ne ke kashe ta a da. Da aka ɗauke mata rani sai ta samu gari. Ta cika hanyoyin ruwa, ta rage masa gudu, laka ta taru a gindinta, hanya ta toshe. Ruwan da ya kamata ya bi Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja sai ya karkata Marma da Nguru, ya zauna a kan gonakin mutane shekara da shekaru, can kuma wasu suna kallon busasshen kogi. Tsuntsun nan jan-baki ya samu wurin kwana a cikinta, daga nan yake tashi garke-garke ya faɗa wa gero da shinkafa. Sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya su ma sun samu gida. A Gashuwa yanzu yawancin ruwan da ke wucewa na Jama'are ne, wanda ba a datse ba tukuna, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar madatsar Kafin Zaki hankalin mutanen Yobe da Borno ke tashi.

A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogunan nan suka ratsa, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusu na kula da kwarin baki ɗaya. An yi yashe a wasu wurare, an kawo injunan yankan ciyawa. Mutanen ƙauyuka kuma ba su zauna jira ba. Sukan yi gayya, su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su yanke kachala daga ƙarƙashin ruwa don kututturen ya nutse ya ruɓe, su buɗe hanya tsawon kilomita da hannu, ƙafa duk matsattsaku. Aiki ne mai cin rai, kuma in ruwan rani bai daina zuwa ba, bayan shekara ɗaya ko biyu ciyawar ta dawo. Abin da masunta da manoma da makiyayan ƙasa suke roƙo, kuma ina tare da su, shi ne a riƙa sarrafa ƙofofin Tiga da Challawa da sanin cewa akwai mutane a bayan Wudil: a saki ruwa mai yawa a lokacin da kogin ya saba cika, domin ya wanke hanyoyinsa ya shiga fadama ya sauka ƙasa, sannan a bar wasu rassan su bushe da rani ko da na 'yan watanni ne, rana ta ƙone saiwar kachala.